Sarki, Doki da Karnuka: Me Zanen Farautar Masu Sarauta Yake Faɗa?

Duk ranar 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, hotuna iri ɗaya ne suke fitowa daga ƙauyukan Ingila: mutane a kan dawakai sanye da jajayen kwat da baƙaƙen huluna, garken karnuka na kewaye da su, ga kuma 'yan zanga-zanga a bakin hanya ɗauke da kwalaye suna yi musu ihu. Tun watan Fabrairun 2005 doka ta hana sakar wa dila karnuka a Ingila da Wales, amma har gobe rigimar ba ta kwanta ba. Mahayan sun ce yanzu warin da aka shafa a tsumma aka ja a ƙasa kawai karnukansu suke bi. Masu adawa sun ce fakewa ce da guzuma ana harbin karsana. Jam'iyyar Labour ta yi alkawari a zaɓen 2024 cewa wannan ɗin ma za ta hana shi.

Bahaushen da ya ga haka dole ya yi tambaya. Dabbar da ba a ci, fatarta ma ba ta taka kara ta karya ba, me zai sa majalisar ƙasa ta kwashe sa'o'i wajen 700 tana muhawara a kanta, har mutum kusan dubu 400 su cika titunan Landan a 2002 don kare al'adar? Rabin amsar tana rataye a bangon gidajen ajiye zane-zane na Landan da Faris da Madrid, inda sarakunan da suka mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce suke tsaye har yau da bindiga a hannu da kare a gindin ƙafa. Mutane da yawa kan ɗauka waɗannan zane-zane hotunan shaƙatawa ne, irin wanda attajirin yau zai ɗauka a wurin hutu ya ɗora a Facebook. Abin ya wuce nan.

Wace farauta, kuma wane zane?

A wurinmu farauta sana'a ce ta maza masu jimiri. Idan kaka ta wuce, an kwashe amfanin gona, daji ya bushe, sai ka ji ganga tun asuba. Ga 'yan tauri da wuƙaƙe, ga mai gora, ga mai adaka, ga karnuka ramammu suna fizgar igiya. Da la'asar sakaliya a dawo da zomo da gafiya da damo, wanda ya taki sa'a ya saɓo gada. Sarki yana da Sarkin Dawa ko Sarkin Baka, ana kuma kai masa gaisuwa, amma ba wanda yake auna girman sarki da yawan barewar da ya kayar. Ƙasaitar sarautarmu ranar hawa ake ganinta.

A Turai ta da, abin a juye yake. Manyan namun daji na masu sarauta ne, kuma yadda ake kashe su yana da daraja hawa-hawa. Mafi girma ita ce bin namijin barewar Turai, mai ƙaho rassa-rassa, da karnuka da dawakai. Tun da sassafe mafarautan fada za su fita su nemo sawu, su kawo wa ubangidansu kashin dabbar yana cikin karin kumallo, ya duba ya zaɓi wadda za a bi. Guda ɗaya tak ake bi, wani lokaci yini guda, ana busa ƙaho ana sauya karnuka, har ta gaji ta tsaya, sannan a soke ta da takobi. Hatta fiɗa da rabon nama suna da ƙa'ida, kuma karnuka suna da nasu kason. Akwai farautar kora, inda ake tara talakawa su koro dabbobi cikin shinge ko cikin kogi, manya su yi ta harbi. Akwai farauta da shaho, wadda matan fada ma suke shiga. Hular fatar nan da ake rufe wa shaho ido, Sarki Frederick na Biyu na Jamus da Sisili, wanda ya rasu a 1250, a wurin Larabawa ya koyo ta. Bindiga da karen da ke nuna inda tsuntsu ya ɓuya daga baya suka zo. Bin dila kuwa shi ne auta, sai a ƙarni na 18 ya kankama, bayan barewa ta yi ƙaranci a Ingila.

Zanen da ake magana a kai shi ne na hannu, da fentin mai a kan kyalle ko katako, wanda ya yi tashe daga wajen 1450 zuwa 1850. Abin da ya kamata a riƙe game da shi ɗaya ne: galibi mai zane ba ya tashi don ra'ayin kansa ya zana sarki. Sa shi ake yi, biyansa ake yi, kuma wanda ya biya shi yake faɗin abin da zai shiga ciki. Velázquez ya zama mai zanen fadar Sifaniya a 1623, a can kuma ya ƙare rayuwarsa. Van Dyck ya samu sarautar girmamawa a Ingila a 1632 tare da albashin fam 200 a shekara. Wanda ya san makaɗan fada ya gane matsayin waɗannan mutane. Kirari suke yi, sai dai da fenti. Kuma kamar makaɗin fada, gwani a cikinsu yakan yabi ubangidansa ya kuma saƙa wata magana a ƙarƙashin yabon.

Dajin na wa ne?

Ba za a gane kirarin ba sai an san dokar da ke bayansa. Bayan William, basaraken Normandy ta Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya keɓe manyan yankuna ya mai da su gandun farautar sarki. Mafi shahara shi ne New Forest, wanda aka keɓe wajen 1079. A cikin irin wannan hurumi ƙauyuka suna nan, gonaki suna nan, amma barewa da aladen daji da itacen da suke fakewa a ciki duk na sarki ne. Ɗansa William na Biyu a cikin wannan gandun kibiya ta kashe shi a 1100, yana tsakiyar farauta.

Daga baya hurumin ya sauko daga sarki shi kaɗai zuwa manyan masu ƙasa. Dokar 1671 ta ce ba mai harbin zomo ko makwarwa sai wanda filinsa yake kawo masa fam 100 a shekara. A wannan zamanin, filin da ke kawo fam 2 ya isa mutum ya jefa ƙuri'ar zaɓen ɗan majalisa. Wato sai ka ninka arzikin mai zaɓe sau 50 kafin a yarda ka harbi makwarwa. Manomin da yake haya ba shi da ikon taɓa zomon da ke cinye masa shuka a gonar da yake nomawa, kuma mai gadin dajin ubangida yana da izinin ƙwace masa kare da bindiga. A 1723 aka ƙara da wata doka mai tsanani, bayan wasu masu farautar sata sun riƙa shafa baƙi a fuska suna shiga gandu da dare: laifuffuka fiye da 50 suka zama na rataya. A farkon ƙarni na 19 kuma, wanda aka kama da makami cikin dare yana farautar sata ana iya tura shi Ostireliya na shekara 7. Masu ƙasa suna binne tarkon ƙarfe mai karya ƙafar mutum, suna ɗana bindiga mai tashi da kanta idan an taka igiya, har sai da aka hana a 1827.

A Faransa ma haka, ko fiye. A yankunan farautar sarki da ke kewaye da Faris ana hana manomi yankan ciyawa ko noman gonarsa kafin wani lokaci, don kada ya tayar da makwarwa daga kan ƙwai. Karensa sai an rataya masa gungumen itace a wuya don kada ya iya bin zomo. Dawakin manya su ratsa ta cikin alkama, ba mai cewa uffan.

To, da wannan a zuciya sai a koma a dubi mutumin da ke tsaye a zane da bindiga a hammata. Duk ɗan ƙasar da ya gan shi a wancan zamani ya san abin da bindigar take nufi, kamar yadda ba sai an gaya maka waye ba idan ka ga rawani mai kunne biyu.

Zane biyu da suka cancanci a tsaya a kansu

Na farko yana gidan Louvre a Faris. Van Dyck ya zana Sarki Charles na Ɗaya na Ingila wajen 1635, a wurin farauta. Abin mamaki, babu dabba a ciki, babu kare, babu bindiga, babu kambun sarauta. Sarki ya sauka daga doki, ya tsaya a kan ɗan tudu da faffaɗar hula a karkace, da riga mai sheƙi kamar azurfa da jan wando. Hannu ɗaya ya dogara sanda, ɗayan ya riƙe ƙugu, gwiwar hannun tana nuno mai kallo, ya waiwayo yana duban ka ta gefen ido kamar wanda ka katse wa tunani. Dokin da ke bayansa ya sunkuyar da kai, sai ka ce gaisuwa yake yi. Barori biyu suna cikin inuwa. Charles gajere ne, don haka mai zanen ya ɗauko shi daga ƙasa, yadda dole ka ɗaga kai ka dube shi, ƙasar kuma ta shimfiɗu a ƙarƙashin ƙafarsa har bakin ruwa. Wannan shi ne kirarin da ya fi kowanne ƙarfi: mutumin da ko ya tuɓe kayan sarauta sarki ne.

Yanzu a dubi abin da ke faruwa a wajen zanen. Daga 1629 zuwa 1640 Charles ya yi mulki ba tare da kiran majalisa ba, kuɗi kuma suka yanke masa. Ɗaya daga cikin dabarun da ya yi ita ce tono tsofaffin dokokin gandun daji da aka manta da su, ya riƙa cin tarar mutanen da kakanninsu suka yi gona a filin da aka ce na sarki ne tun zamanin da. A 1637 ya zagaye gandun Richmond da ke kusa da Landan da katanga mai tsawon mil 8 don barewarsa, a kan filayen da wasu nasu ne. A Janairun 1649 aka sare masa kai a bainar jama'a. Zanen ya bi hannu-hannu ya faɗa Faransa, har Sarki Louis na 16 ya saye shi a 1775. Shi ma a 1793 aka sare nasa kan. Ban ce zanen yana da nauyin ƙafa ba, amma dai haka tarihin yake.

Na biyu ƙarami ne, faɗinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, yana gidan National Gallery a Landan. Thomas Gainsborough ya yi shi wajen 1750, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Robert Andrews ne da amaryarsa Frances, waɗanda aka ɗaura wa aure a 1748, shi yana da shekara 22, ita 16. Tana zaune a kan koren benci a gindin wata babbar bishiya, da shuɗiyar riga mai faɗin gindi da 'yan takalma na cikin ɗaki waɗanda ba a yi su don taka gona ba. Shi yana tsaye, ya harɗe ƙafa, hannu a aljihu, doguwar bindiga a hammata, karensa ya ɗago kai yana kallonsa. Sai dai an ture su biyun gefen hagu. Fiye da rabin zanen gona ce: dammunan alkama an ɗaure an jingina, kunyoyi a miƙe kamar an ja da igiya, tumaki a cikin shinge can nesa, hasumiyar coci tana leƙowa ta tsakanin itatuwa. Wurin na gaske ne, ana iya zuwa a tsaya a inda suka tsaya. Auren nan ya haɗa filayen gidaje biyu, gandun ya kai wajen eka 3,000, kuma zanen yana nuna maka shi ne kamar yadda mai gida zai zagaya da baƙo.

Abu biyu nake so mai karatu ya lura da su. Alkama an yanke an ɗaure, amma babu ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka yanke ta, sai ka ce da kanta ta ɗaure kanta. Sannan a cinyar amarya akwai wani wuri da aka bari ba a ƙarasa fentinsa ba. Wasu sun ce tsuntsun da mijin ya harbo aka yi niyyar sakawa, wasu sun ce an bar wa jaririn da ake jira wuri. Zanen ya zauna a hannun zuriyarsu fiye da shekara 200 kafin a sayar da shi a 1960 a kan fam 130,000.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ban da sarki

Hujjar da masu sarauta suke bayarwa ita ce farauta makarantar yaƙi ce: tana koya wa mutum zaman sirdi, da jure yunwa da sanyi, da sanin ƙasa, da ganin jini ba tare da ya razana ba. Akwai gaskiya a ciki, aladen daji yana farke cikin doki har da mahayinsa. Shi ya sa Velázquez ya zana Yarima Baltasar Carlos na Sifaniya yana ɗan shekara 6 da 'yar bindigarsa, ya tsaya irin tsayuwar ubansa Philip na Huɗu, wani ƙaton kare yana barci a gefensa. Saƙon shi ne magaji yana nan, kuma namiji ne. Yaron bai kai ga gadon ba, ya rasu a 1646 yana da shekara 16.

Amma wannan Velázquez ɗin ya yi wani zanen da ya tona yadda ake shirya abin. An kewaye wani fili a dajin El Pardo da doguwar katangar kyalle, an koro aladun daji ciki, sarki da fadawa a kan dawakai suna tsokanar su da mashi mai baki biyu, sarauniya da matan fada suna kallo daga cikin keken doki. Sarkin ɗan mitsitsi ne a can tsakiya, sai ka neme shi. Waɗanda suka cika gaban zanen su ne barori da masu riƙon karnuka da 'yan kallo, kuma da yawansu sun ba wa sarki baya suna hirarsu. Ga irin habaicin makaɗin fada da na ambata.

Wani lokaci ma farautar ba a yi ta ba sam. Lucas Cranach ya zana wata gagarumar farauta a Torgau ta Jamus a 1544, an koro barewa cikin ruwa, Sarki Charles na Biyar mai mulkin Jamus da Sifaniya da mai masaukinsa John Frederick na Saxony suna harbi da wani irin baka mai kunama. Masana da yawa suna ganin taron bai taɓa aukuwa ba, zanen kyauta ce ta neman shiri tsakanin mutum biyu da rikicin addini ya raba. Shekara uku bayan haka suka gwabza a Mühlberg, kusa da wurin, Charles ya kama John Frederick. Mai zane Rubens kuwa, wajen 1616, ya zana wa basaraken Bavaria mahaya masu rawani suna kokawa da dorina da kada a bakin kogin Nilu, alhali bai taɓa taka Afirka ba.

Kada a ɗauka wannan ɗabi'ar Turawa ce kaɗai. Sassaƙen fadar Ashurbanipal na Nineba, a Iraƙin yau, wanda aka yi wajen shekara 645 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nuna sarki yana kashe zakuna; amma idan ka duba gefe za ka ga wani ɗan ƙaramin mutum a kan keji yana ɗaga ƙofa yana sako su ɗaya bayan ɗaya. A Indiya, masu zanen fadar Mughal sun zana farautar da Sarki Akbar ya yi kusa da Lahore a 1567. Marubutan fadar sun ce mutum dubu 50 aka sa suka yi wata guda suna koro dabbobi cikin da'ira, sarki ya shiga shi kaɗai ya yi kwana biyar yana kisa kafin a bar fadawa su shiga. Ɗansa Jahangir ya sa an ƙirga masa abin da ya kashe da hannunsa, aka samu 17,167. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hutun ma magana ce

A Faransa ta ƙarni na 18 sai farautar kanta ta fara ja da baya a cikin zane, liyafar ta matso gaba. A 1737 aka yi wa Louis na 15 zane-zanen cin abinci a daji: an shimfiɗa farin kyalle, mata da rigunan siliki, barori suna sauke kwanuka, dawakai suna hutawa. A ƙasar da kusan kowa yake duƙe a gona daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, nuna cewa kana da yini guda na ɓatarwa shi kansa taƙama ce. Fadar Versailles ma da ɗan masaukin farauta ta fara, wanda Louis na 13 ya gina a 1623. Karnukan sarki kuwa har zanensu ake yi ɗaya-ɗaya, a rubuta sunan kowanne da ruwan zinare: Misse da Turlu na Louis na 15 suna nan har yau. Sunan yaron da yake ba su abinci bai zo mana ba.

A Holan abin dariya ne ya faru. Attajiran Amsterdam sun fi masu sarautar ƙasar kuɗi, amma doka ba ta ba su damar farautar manyan dabbobi ba. Sai suka riƙa sayen zanen mataccen zomo da tsuntsaye an rataye su kusa da bindiga da jakar mafarauci, irin wanda Jan Weenix ya ƙware a kai, su kafa a falo. Wanda bai samu hawan doki ba ya sayi sirdi ya ajiye a zaure.

Waɗanda ke bakin zane

George Stubbs ya yi wa basaraken Richmond zane-zane uku a gandunsa na Goodwood wajen 1759. A ɗaya daga ciki, manya suna harbin tsuntsaye, a gefe kuma ga wani baƙar fata sanye da kayan barorin gidan yana riƙe da doki. Irinsa suna da yawa a zane-zanen wannan zamani, lokacin da jiragen Liverpool da Bristol suke jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. An sa shi ne don ya ƙara wa gidan kwarjini, kamar dokin da yake riƙe da shi.

Zanen namijin barewar nan da Edwin Landseer ya yi a 1851, yana tsaye a kan duwatsun Sikotland cikin hazo, ya zama kamar tambarin ƙasar, har tallar barasa an yi da shi, kuma a 2017 gidan zane na ƙasar ya saye shi a kan fam miliyan 4. Duwatsun da ke bayansa babu kowa. Da akwai mutane a irin waɗannan kwaruruka. An tashe su don a yi kiwon tumaki, daga baya aka mai da miliyoyin eka wurin harbin barewa na attajirai. Wanda yake son ganin farautar talaka sai ya nemi zanen Pieter Bruegel na 1565 da ke Vienna: maza uku suna dawowa cikin ƙanƙara, kai a sunkuye, karnuka sun saki jela, abin da suka samo dila ɗaya ne tak.

Inda ake jayayya

Ɓangare na farko yana cewa a bar zane ya zama zane. Suna nuna irin wahalar da ke cikin aikin: Stubbs ya yi wata 18 a wani gidan gona yana feɗe matattun dawakai yana zana kowace jijiya kafin ya yarda ya iya zana doki. Suna cewa hasken da Gainsborough ya zuba a kan alkamar nan ba ruwansa da dokar 1671, kuma auna mutanen da da mudun yau zalunci ne.

Ɓangare na biyu ya samu murya sosai tun 1972, lokacin da marubuci John Berger ya tsaya a wani shirin talabijin na BBC ya ce Andrews da matarsa masu ƙasa ne, kuma mallakar tana bayyane a tsayuwarsu da fuskokinsu. An yi masa ca a lokacin. Rigimar ta sake tashi a 2020, da ƙungiyar National Trust mai kula da tsofaffin gidajen masu sarauta ta fitar da rahoto cewa 93 daga cikin wuraren da take riƙe da su suna da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka. Wasu 'yan majalisa suka ce ana ɓata tarihin ƙasa. A 2021 ƙungiyar ta daina ba da izinin bin wari da karnuka a filayenta. Mazauna karkara da yawa kuma, waɗanda ba masu sarauta ba ne, masu kiwon karnukan da masu yi wa dawakai takalmi da ƙananan manoma, suna ganin mutanen birni ne kawai suke huce haushin masu kuɗi a kansu.

Ni dai ina ganin ɓangare na farko yana raina masu zanen ba tare da ya sani ba. Van Dyck ya san abin da yake yi da ya sunkuyar da kan dokin nan. Mai jin waƙar fada yana iya jin daɗin kiɗan, ya kuma san wa ake yi wa zambo da dalilin da ya sa. Wanda ya ce kiɗan kawai za a saurara ya zubar da rabin gwanintar.

Ina ruwan talaka?

Talakan Faransa ya ba da tasa amsar a 1789. Takardun koke da ƙauyuka suka aika wa sarki a farkon shekarar cike suke da ƙorafin zomaye da barewa da tantabarun iyayen gida masu cinye shuka. Ranar 14 ga Yuli, da aka fasa kurkukun Bastille, Louis na 16 ya rubuta kalma ɗaya a littafin da yake ajiye lissafin kwanakinsa, galibi na farauta: babu komai. Nufinsa ba a fita daji ba ranar. A watan Agusta majalisa ta soke keɓe farauta ga masu sarauta, manoma suka bazama cikin gandaye da duk abin da ya samu a hannu. Ranar 5 ga Oktoba, da matan Faris suka nufo Versailles suna neman burodi, a wurin harbi aka je aka kira sarki.

Ra'ayin cewa dabbar daji ta mai mulki ce, wanda ya taɓa ta ba izini kuma ɓarawo ne, ya biyo Turawa zuwa Afirka. A 1900 ƙasashen da suka raba nahiyar suka zauna a Landan suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kare namun daji, wadda ta nemi a taƙaita farauta da raga da rami, wato dabarun mutanen ƙasa, ta kuma tanadi lasisi ga mai iya biya. Gandayen da muka gada, irin Yankari da aka keɓe a 1956, sun ceci dabbobin da da yanzu sai labari, wannan ba a musu. Amma takun-saƙar da ake yi har yau tsakanin ma'aikatan gandu da mafarauta da makiyaya da ƙauyukan da ke bakin daji tana da kama da wadda aka yi a New Forest. A wannan zamanin kyamara ta karɓi aikin mai zane, tsayuwar dai ba ta sauya ba: a 1911 Sarki George na Biyar na Ingila ya je Nepal, tawagarsa ta kashe damisa mai zane 39, aka jera su ana ɗaukar hoto.

Abin da ya sauya shi ne masu kallo. A Afrilun 2012 Sarki Juan Carlos na Sifaniya ya faɗi ya karya ƙugu a Botsuwana, ta haka 'yan ƙasarsa suka ji cewa farautar giwa ya tafi, a lokacin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki a ƙasar ba shi da aikin yi. Jaridu suka tono wani hotonsa na 2006, yana tsaye da bindiga a gaban giwar da aka kashe aka jingina da bishiya. Tsayuwar kusan irin ta kakan kakanninsa Charles na Uku na Sifaniya ce, wanda mai zane Goya ya zana da kayan farauta. Da zai fita daga asibiti ya tsaya gaban kyamara ya ce ya yi kuskure, ba zai sake ba, abin da ba a saba ji daga bakin sarkin Sifaniya ba. Reshen ƙasar na ƙungiyar kare namun daji ta WWF ya cire shi daga shugabancin girmamawa a watan Yuli. A Yunin 2014, bayan wannan da wasu badaƙaloli na kuɗi da suka taɓa gidansa, ya sauka ya bar wa ɗansa gadon. Fadar Zarzuela da ya zauna a ciki duk tsawon mulkinsa, Philip na Huɗu ne ya sa aka gina ta a matsayin masaukin farauta, a dajin El Pardo, inda Velázquez ya zana katangar kyallen nan.